Ƙofa a Rufe, Ƙofa a Buɗe: Keɓewa da Cuɗanya a Wurin Aikin Ƙwaƙwalwa, Nazari a kan Ɗakunan Binciken Bell

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda fasalin wurin aiki yake taimakon mai aikin ƙwaƙwalwa ko ya tauye shi, a halaye biyu da ba ya rabuwa da su: lokacin da yake buƙatar a ƙyale shi ya nutsu shi kaɗai, da lokacin da yake buƙatar abokan aiki su ja shi da gardama. An ɗauki Ɗakunan Binciken Bell da ke Murray Hill a jihar New Jersey ta Amurka a matsayin abin nazari, daga 1941 zuwa farkon shekarun 1970, aka gwama abin da ya faru a can da sakamakon gwaje-gwajen masana halayyar ma'aikata. Maƙalar ta tsaya a kan cewa aikin tunani kai-da-komo ne tsakanin kaɗaici da jama'a, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙofa ta kasance a hannun ma'aikaci, a kuma samu wurin da dole ya haɗu da 'yan'uwansa. Ta bambanta keɓewa da ɓoyewa, sannan ta waiwayi halin da ofisoshin manyan makarantunmu suke ciki.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama zai rubuta wani abu mai nauyi, ko ya warware lissafin da ya cije, ya san akwai lokacin da ko sallama ba ya son ji. Tunanin da aka ɗauki sa'a guda ana ƙullawa, ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗaya tana iya tsinka shi, a dawo a rasa bakin zaren. Shi ɗin dai kuma, in ka bar shi wata uku a ɗaki ba ya jin muryar kowa, sai ka tarar ya yi nisa a kan hanyar da ba ta ɓullewa, wadda da abokin aiki ya leƙa da ya tsayar da shi tun ranar farko. Bahaushe ya ce shawara ɗaukar ɗaki, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai kafin a taru a ɗaga jinka, akwai wanda ya zauna shi kaɗai a inuwa yana yantar ciyawa.

Masu tsara ofisoshi sun daɗe suna ɗaukar waɗannan buƙatu biyu tamkar kishiyoyi, in an ɗauki ɗaya sai a saki ɗaya. A ƙarshen shekarun 1950 wasu masu ba kamfanoni shawara a Jamus, waɗanda aka sani da ƙungiyar Quickborner, suka rushe bangayen cikin ofis, suka baje tebura a babban zaure ɗaya don magana ta riƙa gudana. A 1968 Robert Propst na kamfanin Herman Miller ya fito da shamakin da ake iya gusarwa, da nufin kowa ya samu ɗan sirri. Kamfanoni suka karɓi dabarar suka matse ta, ta koma 'yan akurkin da ake cusa ma'aikata, har shi kansa Propst ya yi tir da abin kafin rasuwarsa a 2000. Da annobar korona ta zo a 2020, sai aka koma ɗaya gefen baki ɗaya, kowa ya shige ɗakinsa da kwamfutarsa.

Na zaɓi Ɗakunan Binciken Bell ne saboda wuri ne da ya ƙi yin wannan zaɓi, kuma tarihinsa a rubuce yake dalla-dalla, har da littattafan da masu binciken suke rubuta aikinsu na kullum da kwanan wata.

2.0 Ginin Murray Hill

An kafa Ɗakunan Binciken Bell a 1925 don su yi wa kamfanin tarho na AT&T bincike. Mazauninsu na farko yana kan titin West a birnin New York, cikin hayaniya da ƙura, har layin dogo na ɗaukar kaya ya ratsa ta cikin ginin. Na'urar da take auna abu mai laushi ba ta jure girgiza, don haka aka nemi fili a bayan gari, kimanin kilomita 40 daga birnin, aka buɗe ginin farko na Murray Hill a 1941. Mervin Kelly, wanda ya zama daraktan bincike a 1936, daga baya ya shugabanci wurin daga 1951 zuwa 1959, yana cikin waɗanda suka sa hannu sosai a kan yadda zaman wurin zai kasance.

Jami'a takan ware wa kowane fanni gininsa, masu kimiyyar sinadarai can, masu lissafi can. A Murray Hill an ƙi yin haka. An haɗa kowa a gini ɗaya mai fukafukai, da korido mai tsawon gaske. Jon Gertner, wanda ya rubuta tarihin wurin a 2012, ya ce ɗaya daga ciki ya kai ƙafa 700, wato fiye da mita 200, har in ka tsaya a wannan baki sai ka ga wancan ya tsuke ya ɓace. Mai bincike yana da ƙaramin ofis da yake zama ya yi tunani, yana kuma da ɗakin gwaji, amma sau da yawa ba a jere suke ba. Dole ya taka daga wannan zuwa wancan, ya kuma taka zuwa ɗakin cin abinci da rana, kuma da wuya ya kai inda za shi bai ci karo da wani mai tambaya ko mai labarin abin da ya gagare shi ba. Bangayen ɗakunan ma na ƙarfe ne da ake kwancewa a gusar, ɗaki ya faɗaɗa ko ya tsuke gwargwadon aikin da ya taso.

Bayan gini akwai al'ada. An san cewa sabon ma'aikaci yana da damar ya tunkari babban masani, ko da shi ne ya rubuta littafin da ake karantawa a fannin, ya yi masa tambaya, kuma ba a ɗaukar kora a matsayin halin kirki. Lauyoyin kamfanin masu rajistar ƙirƙira sun taɓa bin diddigin dalilin da ya sa wasu ma'aikata suka fi wasu yawan ƙirƙira. Abin da suka tarar ya haɗa waɗannan mutane shi ne yawan zama cin abinci da wani injiniya mai suna Harry Nyquist, wanda gwanintarsa a teburin ita ce jefa tambayar da take sa mutum ya sake duba aikinsa.

3.0 Wata Ɗaya na 1947, da Abin da ya Biyo Baya

A 1945 Kelly ya kafa rukunin da zai nazarci daskararrun abubuwa irin su silikon da jameniyam, a ƙarƙashin William Shockley da Stanley Morgan. Da gangan ya cakuɗa masu nazarin ƙa'ida da masu gwaji da hannu, da masu ilimin sinadarai da injiniyoyin lantarki. Burin shi ne a samu abin da zai maye gurbin kwalbar nan mai zafi da saurin mutuwa da ake ƙara ƙarfin sauti da ita a layukan tarho. Da John Bardeen ya kama aiki a ƙarshen shekarar, ginin ya cika maƙil saboda ɗaukar ma'aikata da aka yi lokacin yaƙi, sai aka haɗa shi ofis ɗaya da Walter Brattain da Gerald Pearson.

Mutanen biyu sun sha bamban. Bardeen miskili ne, ba ya magana sai ta kama, a yi masa tambaya ya yi shiru har a zaci bai ji ba. Brattain kuwa mai surutu ne, ɗan ƙauyen jihar Washington mai hannun gyara, wanda zai iya ƙera na'ura da tarkacen da ke kan teburinsa. Dabarar da Shockley ya fara kawowa ta ƙi aiki, kuma Bardeen ne ya zauna da alƙalami a 1946 ya gano dalili: lantarki yana maƙalewa a fatar silikon ɗin, ya zama katanga. Wannan aikin mutum ɗaya ne, na shiru. Amma daga tsakiyar Nuwamba 1947 sai aikin ya sauya kama. Raɓa ta dami Brattain tana taruwa a kan silikon ɗin da yake gwaji da shi, sai ya tsoma na'urar gaba ɗaya cikin ruwa, ya ga abin da bai zata ba. Robert Gibney, masanin sinadarai na rukunin, ya ba shi shawarar ya riƙa sauya ƙarfin wutar, nan take aka ga alamar an huda katangar. Daga nan Bardeen ya kusan tarewa a ɗakin gwajin Brattain, wannan ya kawo shawara, wancan ya gwada, in ta ƙi a sake.

Ya kamata a dubi abin da suka haɗa ranar 16 ga Disamba da kyau, don ƙanƙantarsa tana da ban mamaki. Ɗan guntun roba ne mai kusurwa uku. Brattain ya naɗe bakinsa da fallen zinariya, ya sa reza ya tsaga zinariyar a daidai tsinin, tsagar da ba ta wuce kaurin gashi ba, ta zama ƙafafu biyu dab da juna. Ya sa ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ya danna tsinin a kan ɓallin jameniyam. Da aka tura sigina ta ƙafa ɗaya, sai ta fito ta ɗayar da ƙarfin da ya fi wanda ta shiga da shi. Ranar 23 ga Disamba aka nuna wa shugabanni, suka ji muryar mutum ta ƙaru ta cikinsa. Taransista ke nan, kakan duk abin da ke cikin wayar da ke hannun kowannenmu.

Abin da ya faru bayan nan shi ne ya fi jan hankalina. Shockley shi ne shugaban rukunin, amma ba ya wurin lokacin da abin ya faru, kuma lauyoyi ba su sa sunansa a takardar rajistar ba. Abin ya ci masa rai. A jajibirin sabuwar shekara yana Shikago wurin wani taron masana, sai ya kulle kansa a ɗakin otal yana cika takardu da lissafi. Ya dawo ya ci gaba a gida, da dare da asuba, bai gaya wa Bardeen da Brattain komai ba. Ranar 23 ga Janairu 1948 ya kai ga wani fasalin taransista dabam, mai falle uku kamar an yi wa abu ƙunshi, wanda ya fi na farko ƙwari da sauƙin ƙerawa. Ya ci gaba da rufe bakinsa har sai da wani abokin aiki, John Shive, ya gabatar da sakamakon gwajinsa a wani zama a Fabrairu, Shockley ya ga Bardeen na dab da gano abin da kansa, sannan ya miƙe ya fasa ƙwai.

Ta fuskar kimiyya, kaɗaicin Shockley ya haifi ɗa mai ido, don irin nasa taransistan ne ya mamaye kasuwa. Ta fuskar zaman tare kuwa, ya kashe rukunin. Bardeen ya bar wurin a 1951 ya koma Jami'ar Illinois, Brattain ya nemi a raba shi da Shockley. Su ukun sun karɓi kyautar Nobel tare a 1956, amma ba su sake aiki tare ba. Bardeen ya sake cin kyautar a 1972 a kan wani aiki da ya yi a Illinois, wanda da an riƙe shi da kyau mai yiwuwa a Murray Hill zai yi shi. Shockley ya tafi Kalifoniya ya kafa kamfaninsa, a 1957 mutum takwas daga cikin haziƙan da ya ɗauka suka yi masa tawaye suka fice.

A nan ne nake ganin harshenmu ya ba mu abin aunawa mai kyau, domin Hausa ta raba keɓewa da ɓoyewa. Wanda ya keɓe, an san inda yake, an san abin da yake yi, ana kuma jiran ya fito da shi. Haka Bardeen ya yi a 1946: ya ja jiki ya yi tunani, ya dawo ya shimfiɗa a gaban kowa. Wanda ya ɓoye kuwa, ya ci daga akushin jama'a ne sannan ya juya musu baya da nasa. Duka biyun ƙofa a rufe take, ɗaki ɗaya ne, shirun iri ɗaya ne. Mai zanen gini ba shi da yadda zai yi ya bambanta su. Wannan aikin shugabanci ne, musamman yadda ake raba yabo. Inda ma'aikaci yake tsoron in ya faɗi ɗanyen tunaninsa wani zai riga shi kai wa kasuwa, ko an rushe duk bangayen ofis ba zai buɗe baki ba.

4.0 Shannon, Hamming da Ɗakin Unix

Claude Shannon yana cikin 'yan kaɗan da aka sani da rufe ƙofa a wurin. Tun a 1939 ya rubuta wa malaminsa Vannevar Bush wasiƙa cewa yana tunani a kan asalin yadda ake isar da saƙo, ya kuma yi shekaru yana juya abin, galibi da dare a gidansa a New York. Da maƙalarsa ta fito a 1948, wadda ta kafa ilimin auna bayanai, abokan aikinsa da yawa ba su san ya yi wannan nisa ba. Duk da haka, wanda ya karanta shafin farko zai ga ya ɗora ne a kan aikin Nyquist da Ralph Hartley, dukkansu mutanen gidan, ya kuma ce John Tukey ne ya ba shi sunan ma'aunin da ya yi amfani da shi. A 1943 ya sha shan shayi da Alan Turing na Ingila a ɗakin cin abinci suna hira a kan na'ura mai tunani. An bar shi ya rufe ƙofarsa, ba wanda ya tilasta masa halartar zama kowace safiya, amma ƙofar a cikin gidan mutane take.

Richard Hamming, wanda ya taɓa zama ofis ɗaya da Shannon, ya yi wata lacca a 1986 inda ya faɗi abin da ya lura da shi cikin shekaru talatin. Mai rufe ƙofa ya fi samun aikin yau da na gobe, in ji shi, amma bayan shekara goma sai ka ga yana ta wahala a kan matsalar da ta ɗan kauce wa inda muhimmanci yake. Mai buɗe ƙofa yana shan katsewa, amma yana tsintar labarin inda duniya ta dosa. Hamming ya yi adalci, ya ce ba zai iya tabbatar da wanne ne sanadin wanne ba. Ni abin da na ɗauka daga maganarsa shi ne, amfanin ƙofa a rufe da na ƙofa a buɗe ba a ma'auni ɗaya suke ba. Ɗaya tana taimaka maka ka warware matsala, ɗaya tana taimaka maka ka san wace matsala ce ta cancanci ƙarfinka.

Misalin da ya fi fito da kai-da-komon fili shi ne na manhajar Unix. Ken Thompson ya rubuta ginshiƙinta a 1969 cikin 'yan makonni, lokacin da iyalinsa suka yi tafiya suka bar shi shi kaɗai. Brian Kernighan, abokin aikin Thompson, ya ba da labarin cewa kowane mai bincike a sashensu yana da ofishinsa, amma akwai ɗaki guda a saman bene inda kwamfutar take, nan ake shan gahawa, nan ake kawo ƙorafi da sabuwar dabara. Tun 1964 Douglas McIlroy yake da ra'ayin a riƙa jona manhaja da manhaja kamar yadda ake jona tiyon ban-ruwa, ya yi ta nacin maganar. A 1973 Thompson ya ɗauki abin ya aiwatar da shi a dare ɗaya. Shekaru na naci a cikin jama'a, dare ɗaya na shiru, washegari kowa ya taru yana gwadawa.

5.0 Abin da Gwaje-gwaje Suka Nuna

Tarihin wuri ɗaya ba ya zama hujja shi kaɗai, balle wurin da yake da gatan da ba kowa ke da shi ba. AT&T kusan shi kaɗai yake riƙe da harkar tarho a Amurka har zuwa 1984, kuɗin bincike yana zuwa ba yankewa, ana iya barin mutum shekara biyar bai kawo riba ba. Wanda ya ce korido ne kaɗai ya haifi taransista ya yi wa gaskiya ƙwange. Don haka ya kamata a ji ta bakin waɗanda suka auna abin.

A 1953 Alex Osborn, wani mai harkar talla, ya yaɗa dabarar tara mutane a ɗaki kowa ya yi ta zubo shawara ba tare da an kushe ba. A 1958 Donald Taylor da abokan aikinsa a Jami'ar Yale suka gwada: rukunin mutum huɗu a tare, da mutum huɗu da kowa ya zauna shi kaɗai aka haɗa abin da suka rubuta. Na kaɗaicin sun kawo kusan ninki biyu na shawarwari. A 1987 Michael Diehl da Wolfgang Stroebe a Jamus suka gano babban dalilin: a taro mutum ɗaya ne yake magana a lokaci guda, mai jiran layi kuwa yana riƙe da tunaninsa kada ya manta, ba ya iya haifar wani. Sophie Leroy ta ƙara da nuna, a 2009, cewa in aka ɗauke mutum daga aikin da bai gama ba, wani ɓangare na hankalinsa yana maƙale a can, aikin da ya koma ba ya samun shi cikakke.

A ɗaya gefen, Thomas Allen na MIT ya auna yawan maganar injiniyoyi da nisan teburansu a shekarun 1970, ya tarar tana faɗuwa da sauri da zarar an ɗan nisanta, in an wuce kamar mita 50 kuwa sai ta zama jefi-jefi. Zumunta a ƙafa take, har a ɗakin bincike. Sai dai kusanci dabam, tsiraici dabam. Ethan Bernstein da Stephen Turban sun bi ma'aikatan manyan kamfanoni biyu da na'urar da ake ratayawa a wuya, kafin a cire shamakin ofisoshinsu da bayan an cire. Sakamakon da suka buga a 2018 ya nuna magana ido-da-ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, saƙon imel ya ƙaru. Mutumin da aka baje shi a idon kowa yakan gina wa kansa katangar da ba a gani, ya toshe kunne, ya ƙura wa allo ido. Kafin nan, a 2013, Jungsoo Kim da Richard de Dear na Jami'ar Sydney sun duba amsoshin ma'aikata fiye da 40,000, suka ga babban kukan masu buɗaɗɗen ofis shi ne rashin sirrin magana, kuma ɗan sauƙin cuɗanyar da aka samu bai biya wannan hasara ba.

Gwajin da ya fi kusa da abin da nake nufi shi ne wanda Bernstein ya yi da Jesse Shore da David Lazer, shi ma a 2018. Sun ba rukunonin mutum uku-uku wata matsala mai wuya, ta nemo gajeriyar hanyar da falke zai bi ya zaga garuruwa. Wasu suna ganin amsar juna koyaushe, wasu ba sa gani sam, wasu kuma sai lokaci-lokaci. Masu gani koyaushe sun yi kyau a tsaka-tsaki, amma suna kwaikwayon juna, ba su cika kaiwa ga amsa mafi kyau ba. Waɗanda ba sa gani sun fi dacewa da amsa mafi kyau, amma da yawansu sun ɓace a daji. Na lokaci-lokacin sun haɗa alherin biyun. Wani abin lura kuma, a cikinsu ne kaɗai aka ga gwanaye suna ƙaruwa da amsar waɗanda ba su kai su ba, saboda kowa ya samu sararin bin tasa hanyar kafin a haɗu.

6.0 Waiwaye Gida

Na yi shekaru ina zaune ofis ɗaya da abokan aiki uku a wani sashe. Tebur huɗu, fanka ɗaya, ƙofa ɗaya da ba ta minti goma a rufe. Ɗalibin wannan ya shigo neman sa hannu, baƙon wancan ya zo daga gida, a gaisa, a tambayi iyali da gajiya, kuma ba zai yiwu ka sunkuyar da kai kana rubutu ana gaisawa a gefenka ba. Ɗaya daga cikinmu, lokacin yana rubuta kundin digirinsa na uku, a cikin motarsa yake zama ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, ya ɗora kwamfuta a cinya, gilashi a sauke, gumi na zuba. Saura kuwa sai ƙarfe ukun dare, in gida ya yi barci. Abin da ya fi damuna shi ne, duk da wannan cunkoso, ban tuna ranar da mu huɗun muka zauna muka tattauna binciken ɗayanmu ba. Mun rasa shirun, ba mu kuma samu shawarar ba.

A wurarenmu ana raba ƙofa ne bisa muƙami. Wanda ya kai matsayin da yawancin aikinsa sa hannu ne da karɓar baƙi, shi ke da ofis shi kaɗai da sakatare a bakin ƙofa. Ƙaramin malami da yake kan ganiyar rubutu, wanda shirun awa uku zai sauya masa shekara, shi ake cusawa cikin huɗu. Ga kuma fassarar da ake yi wa rufe ƙofa: girman kai, ko gudun mutane.

Alhali al'adarmu ba baƙuwar wannan tsari ba ce. Gidan malami na gargajiya yana da zaure, inda ake ɗaukar karatu, a kawo fatawa, a yi muhawara, kowa ya shigo da sallama. Yana kuma da ɗakin da malam yake shiga da littattafansa, wanda ko almajirin da ya fi kusa da shi ba ya faɗa masa kai tsaye. Ba wanda yake cewa malam ya yi girman kai don ya shiga ciki, saboda an san lokacin fitowarsa. Addini ma ya riga ya shimfiɗa ƙa'idar: aya ta 27 da ta 28 na Suratun Nur sun yi umarni da neman izini kafin shiga, suka kuma nuna in an ce a koma, a koma ba tare da jin haushi ba. Hadisi ya iyakance neman izinin ga sau uku. Mun riƙe wannan a gidajenmu, muka ajiye shi a bakin ƙofar ma'aikata.

Gyaran farko ba ya buƙatar sabon gini. Sashe zai iya ware ɗaki ɗaya, ko da tsohon sito ne, ya zama na shiru: ba waya, ba baƙo, ba ɗalibi, duk mai rubutu ya shiga. Ya kuma ware wani wurin da tulun shayi da allo, a sa rana ɗaya a mako da kowa zai zo, wani ya kawo aikinsa tun yana ɗanye a tattauna, a kuma rubuta wanda ya kawo kowace shawara don kada tsoron sata ya rufe bakuna. A sanar da ɗalibai sa'o'in ganin malami, a kuma cika alkawarin sa'o'in, domin ɗalibin da ya tabbata zai samu malaminsa ƙarfe biyu ba zai ƙwanƙwasa ƙarfe tara ba. Zaurukan WhatsApp na sashe ma su shiga ƙa'idar, tunda saƙon shugaba yana ratsa kowace ƙofa, kuma ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ƙin dubawa.

Mafi wuyar ɓangaren yana wuyan manya. Ƙaramin malami ba zai iya manna takarda a ƙofarsa cewa yana aiki a dawo bayan azahar ba, sai ya tabbata in farfesa ya zo ya ga takardar zai juya, kuma ba zai ambaci abin ba ranar da aka zauna duba takardun ƙarin girma.